Ɗana ya koma waya da barci, karatu ya lalace

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana ɗan shekara 15 ne, yana SS2 a nan Kaduna. Tun bara sakamakonsa ke ta ja baya. Kwana yake kan waya, da ƙyar nake tada shi Asuba, Islamiyya kuwa sai ya ga dama. Na rubuta masa jadawali na liƙa a bango, ko kallo bai ishe shi ba. Babansa direba ne, sai ƙarshen mako yake gida. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya shirya mana su. Ki cire takardar nan daga bango. Jadawalin da ya cinye yini tun Asuba har Isha, ranar farko yaro zai karya shi, daga nan kuma ya gane dokarki tana tsallakuwa.

Fara da barci, don shi ne gindin matsalar. Likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. A waɗannan shekarun ma jiki da kansa yake jinkirta jin barci da dare, saboda haka ba duka ne lalaci ba. Amma wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi biyar da rabi, duk abin da malamin Lissafi ya zuba masa zubewa zai yi. Daga tara da rabi, wayarsa ta kwana a ɗakinki. Ki ajiye taki kusa da tasa a kan idonsa. Na san wannan zai fi yi miki wuya fiye da shi, mu ma da WhatsApp ɗin nan sai a hankali.

Idan barci ya daidaita na mako biyu, sai ki ƙara karatu: minti 40 bayan Magariba, darasi guda. Turanci da Lissafi ne a gaba, domin idan babu kiredit a cikinsu a WAEC ko NECO, ƙofar yawancin kwasa-kwasan jami'a a rufe take. Ki saya masa littafin tsofaffin tambayoyi da fitila mai caji, kada ɗauke wuta ya zama hujja.

Ki ba shi aiki ɗaya wanda idan bai yi ba gidan zai ji a jikinsa, kamar raka ƙannensa makaranta. Ƙwallon yamma kuwa ki bar masa, kada ki mai da ita abin horo. Ranar Asabar, idan yana da sha'awar aikin hannu, a nema masa amintaccen maigida a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu ta Kaduna.

Babansa ya riƙa kiransa kowane dare kafin a karɓi waya, ya tambaye shi me ya karanta yau, ba faɗa ba.

Sai dai ki sa ido. Idan ya daina cin abinci, ya guji abokansa, kuɗi na ɓacewa, ko kika ga kwalaben maganin tari ko ƙwayoyi a ɗakinsa, wannan ya wuce jadawali. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma bai ƙare a unguwanni ba. Ku kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a duba shi, ke da babansa tare.