Gasar Cybathlon ta amsa tambayarka

Malam, ka tambaya ko gasa tana haifar da kayan da masu buƙata ta musamman za su mora, ko burga ce kawai. Duba Cybathlon, gasar gwada na'urorin taimaka wa masu lalurar jiki, wadda jami'ar ETH ta birnin Zurich ta fara a 2016. Mai lalurar da kansa ke shiga fili da na'urar, a ba shi aikin gida: yanka burodi, shanya tufafi, hawa matakala da keken guragu.

A gasar hannun roba ta shekarar, Robert Radocy ya zo na ɗaya da hannu marar lantarki da motsin kafaɗa ke sarrafawa, ya kayar da masu injin. Injiniyan da bai saurari mai sa hannun ba, a gaban jama'a zai sha kunya. Damuwata farashi ne, don yawancin kayan nan sun fi ƙarfin talaka.