Amsa kan shukar nan mai ganyen zuciya

Malama, kin ce an ba ki reshen wata shuka mai zubowa daga tukunya, ganyenta siffar zuciya, gefensa fari da ruwan hoda, kina son sanin asalinta da dalilin da ya sa sabbin ganye ke fitowa kore. Sunanta Ceropegia woodii, masu sayar da furanni kuma suna ce mata String of Hearts. Taki ita ce nau'in nan mai roɗi-roɗi da ba a cika samu ba.

Asalinta kudancin Afirka ne: Afirka ta Kudu, Eswatini da Zimbabwe. Wani masanin tsirrai, John Medley Wood, ne ya ci karo da ita a 1881 tana reto a jikin duwatsun Groenberg a yankin Natal na Afirka ta Kudu, aka kuma laƙaba mata sunansa a 1894. Danginsu ɗaya da tumfafiya. Ran da taki ta yi 'ya'ya za ki gaskata, don siririn kwanson yana tsagewa ne iri ya fito da farin gashi, iska ta kwashe.

Ta daji ganyenta kore ne shar da zanen azurfa, bayansa shunayya. Farin da ke jikin taki kuwa, gaskiyar magana naƙasa ce mai kyan gani. Wurin ba shi da sinadarin koren da ganye ke haɗa abinci da shi, don haka ɓangaren da ya rage kore ne ke ciyar da ita duka. Shi ya sa girmanta sai a hankali. Kuma launin ba abin dogaro ba ne ta hanyar iri, sai dai a yanki reshe a dasa. To kin ji dalilin ƙarancinta.

Maganar kore kuwa, a abin da na gani a nawa, iri biyu ce. In ruwan hodar ne ya dusashe kawai, haske ya yi mata kaɗan. Matsar da ita bakin taga inda ranar safe ke shigowa, sabbin ganye za su dawo da launi. Ranar tsaka kam ki kiyaye, farin gefen ne ke fara ƙonewa. Amma in reshe guda ya fito kore tsaf, kada ki tausaya masa. Ya fi sauran ƙarfi, in kika bar shi zai mamaye tukunyar. Bi shi baya har gaɓar ƙarshe mai farin ganye, ki datse daga nan.

Ruwa ne ya fi kashe ta, ba ƙishi ba, don tana da saiwa mai kumburi da ke ajiye ruwa. Ni ganyen da ke kusa da gindi nake matsawa da yatsa biyu: in da tauri, in ƙyale ta, in ya lanƙwashe, in ba ta har ya fito ta ramin tukunya. Ƙasar ta zama mai yashi.

Ki riƙa duba gaɓoɓin reshen, za ki ga ƙananan dunƙule kamar ƙwayar carbi. Ɗora ɗaya a kan ƙasa mai danshi ba tare da kin yanke shi ba, sai ya kama saiwa sannan ki raba. Ki zaɓi reshen da ya fi fari da ruwan hoda, don launinsa sabuwar za ta ɗauko.