Filin Tambaya da Amsa: Masu ƙirƙira da takardunsu a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya

Tambaya daga wani ɗalibin aikin injiniya a Zariya: Malam, a littattafan tarihin sana'armu ina yawan karanta cewa wane ya yi rajistar ƙirƙirarsa a shekara kaza, kuma galibin shekarun suna tsakanin 1870 da 1900. Mece ce wannan rajista, kuma me ya sa ta yawaita a lokacin?

Amsa: Ɗan'uwa, takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin hukuma da mai fasaha. Shi zai rubuta sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, har da zane, ta yadda duk wani gwani a wannan fanni zai iya karantawa ya ƙera irinsa. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izininsa ba har wani wa'adi, wanda a Birtaniya ta wancan zamani shekara 14 ne, daga nan abin ya zama na kowa. Idan ka tuna yadda maƙera da marina na ƙasarmu suka saba riƙe sirrin sana'a a cikin gida, uba ya bar wa ɗa, wani lokaci sirrin ya bi mai shi kabari, za ka gane amfanin da hukuma ke nema a wannan ciniki.

Yawaitar da ka lura da ita tana da dalili na kuɗi. Dokar 1852 ta kafa ofishi guda na wannan rajista a Landan, amma kuɗin farko fam 25 ne, wato albashin ƙwararren ma'aikaci na wata uku ko fiye. A 1883 majalisa ta zartar da sabuwar doka wadda Joseph Chamberlain, ministan ciniki na lokacin, ya gabatar, aka mayar da kuɗin farko fam 4. Takardun neman rajista da ba su wuce dubu 6 ba a 1883 suka haura dubu 17 a 1884. A shekarar 1883 ɗin kuma aka ƙulla yarjejeniyar Faris, wadda ta bai wa mai ƙirƙira damar kare haƙƙinsa a ƙasashen da suka sa hannu. Sai dai ka riƙe wani abu guda, domin zai yi maka amfani a amsoshin da ke tafe: ofishin Landan ba ya binciken ko abin da aka kawo masa sabo ne, sai da dokar 1902 ta wajabta hakan. Saboda haka takardar da mutum ya biya ya karɓa ba ta tabbata tasa ba har sai ta tsallake kotu.

Tambaya daga wani mai sana'ar ma'adinai a Gusau: Wace ƙirƙira ce ta fi sauya haƙar ma'adinai a wancan lokaci, kuma shin masu ita sun ci moriyarta?

Amsa: Alhaji, da yawa za su ce nakiyar Alfred Nobel ce, wadda ya yi wa rajista a 1867, kuma ba su yi kuskure ba wajen girmama ta. Ni dai a ganina ƙirƙire-ƙirƙiren da suka fi nauyi su ne waɗanda suka mayar da dutsen da aka raina ya zama dukiya, kuma guda biyu ne suka fi fice.

Na farko ya shafi zinariya. An gano zinariyar Witwatersrand a Afirka ta Kudu a 1886, birnin Johannesburg ya tsiro a kanta kamar wasa. Hanyar da ake bi a lokacin ita ce a dake dutsen da manyan taɓaren ƙarfe na inji, a kwararo garin da ruwa a kan farantan jan ƙarfe da aka shafe da zaiba, zaibar ta kama zinariyar, irin dai aikin da zaiba ke yi wa masu haƙar gargajiya a Zamfara har yau. Wannan ya yi aiki a kan dutsen sama wanda iska da ruwa suka riga suka cinye. Da ramuka suka yi zurfi wajen 1889, sai aka tarar da dutse mai haɗe da ƙibiritu, wanda ke riƙe zinariyar ya hana zaiba kama ta. Kaso mai yawa na zinariyar ya riƙa bin yashin da ake zubarwa, hannun jari ya faɗi, mutane suka fara tattara kayansu suna barin garin.

Maganin ya fito daga Gilasgo a Sikotilan. Wani masanin sinadarai, John Stewart MacArthur, tare da wasu likitoci biyu 'yan'uwan juna, Robert da William Forrest, sun yi rajistar wata hanya a 1887. Ana zuba niƙaƙƙen dutsen a manyan kwatarniyoyi, a jiƙa shi da ruwan da aka sa wa ɗan sinadarin sayanayid kaɗan, zinariyar ta narke ta bi ruwan. Sai a tace ruwan, a bi da shi ta cikin akwatunan da aka cika da siraran ɓawon tutiya, zinariyar ta kwanta a jikin tutiyar a matsayin baƙin laka, a kwashe lakar a narka ta a fitar da curi. An fara amfani da hanyar a Niyu Zilan a 1889, ta isa Johannesburg a 1890, kuma zinariyar da ake iya cirowa ta haura kashi 90 cikin ɗari. Hatta tsibin yashin da aka zubar a baya sai da aka koma aka sake wanke shi. Zuwa 1898 ƙasar Transvaal, inda Johannesburg yake, ita kaɗai tana fitar da fiye da rubu'in zinariyar duniya.

Kamfanin da ke riƙe da haƙƙin MacArthur ya nemi la'ada a kan duk zinariyar da aka cire da wannan hanya, masu ramuka kuwa suka ga la'adar ta yi musu yawa. Suka haɗa kai suka kai ƙara, lauyoyinsu suka tono tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna cewa tun 1846 wani Bajamushe mai suna Elsner ya bayyana cewa sayanayid na narkar da zinariya, kuma akwai Amurkawan da suka taɓa yin rajistar abu makamancin haka. A 1896 babbar kotun Firitoriya, babban birnin Transvaal, ta soke takardar. Ta fuskar doka hujjar tana da ƙarfi, amma a nawa hukuncin an tauye wa mutumin haƙƙi, domin sanin cewa sinadari na narkar da zinariya a cikin kwalba daban yake da gano gwargwadon ruwan da zai yi aiki a kan dubban tan na dutse da kuɗi kaɗan, sannan a san yadda za a karɓo zinariyar daga ruwan. MacArthur ya rasu a 1920 ba tare da wata dukiya ba, alhali ramukan da ya ceto sun azurta masu su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gwamnatin Niyu Zilan ita ta bi hanyar da ta fi dacewa, ta sayi haƙƙin a 1897 domin masu haƙar ƙasarta.

Na biyu ya shafi tama. Hanyar Bessemer ta 1856, wato hura iska cikin narkakken ƙarfe domin tace shi, ta sauƙaƙa yin ƙarfe mai ƙwari, amma idan tamar na ɗauke da sinadarin fosfaras sai ƙarfen ya fito mai saurin karyewa, kuma mafi yawan tamar Turai haka take. Wanda ya warware matsalar akawun wata ƙaramar kotu ne a Landan, Sidney Gilchrist Thomas, wanda ke karatun sinadarai da dare bayan ya tashi aiki. Da taimakon ɗan'uwansa Percy Gilchrist, ma'aikaci a masana'antar ƙarfe ta Blaenavon a Wales, ya gano cewa idan aka shafe cikin tukunyar narkarwa da dutse mai farar ƙasa, aka kuma ƙara farar ƙasa a cikin narkakken ƙarfen, fosfaras zai bar ƙarfen ya shige cikin dattin da ke tasowa sama. Ya yi rajista a 1877. Da ya sanar da taron manyan masana ƙarfe a 1878 kusan ba wanda ya kula shi, sai da aka gwada a Middlesbrough a 1879 kowa ya gani da idonsa. Jamus da Beljiyam suka fi cin moriya, musamman saboda tamar yankin Lorraine da ke iyakar Faransa da Jamus, har Jamus ta wuce Birtaniya a yawan ƙarfe a cikin shekarun 1890. Thomas ya samu kuɗi, takardarsa ta tsaya, amma ciwon huhu ya ɗauke shi a 1885 yana da shekara 34, ya bar wasiyya a yi amfani da dukiyar wajen kyautata rayuwar ma'aikata. Wani abin sha'awa shi ne wancan datti, kashin maƙera da aka riƙa tarawa ba a san yadda za a yi da shi ba, da aka niƙa shi sai ya zama takin zamani mai arha wanda ya farfaɗo da gonaki da makiyayu a Turai.

Tambaya daga wata malamar koyar da aikin gona a Kura: Muna jin labarin injunan girbi na Turawa. Wace ƙirƙira ce ta fi taimakon manomin wancan zamani?

Amsa: Malama, amsar ta danganta da manomin da ake magana a kansa. Injin yankan alkama ya daɗe da samuwa, amma ɗaurin dami da hannu ake yi, mutane na bin injin a duƙe. An gwada ɗauri da waya a shekarun 1870, sai guntayen wayar suka riƙa shiga cikin shanu suna kashe su, suna kuma lalata duwatsun niƙa, masu injin fulawa suka yi ta ƙorafi. Wani Ba'amurke, John Appleby, ya yi rajistar na'urar ƙulla igiya a 1878 da 1879. Ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai kama da bakin tsuntsu: allura ta zagayo da igiya a jikin damin, bakin ya juya sau ɗaya ya naɗe bakin igiyar biyu, ya buɗe ya cafke su ya jawo ta cikin zoben, wuƙa ta yanke, damin ya faɗo ƙasa a ɗaure. Kamfanin William Deering ya ƙera injuna 3,000 masu wannan na'ura domin girbin 1880, kuma igiyar da suke ci ta sa noman zaren igiya ya bunƙasa a Yucatán ta Meziko da tsibiran Filifin. Haɗa wannan da waya mai ƙaya ta Joseph Glidden, wadda aka yi wa rajista a 1874, wadda ta ba da damar killace filayen da babu itacen shinge, sai ki ga yadda mutum ɗaya da dawakinsa ya iya noma abin da a da sai gayya.

Ga manomin Ingila kuwa wannan ci gaba masifa ya zamo. Tun 1846 aka cire harajin da ke kare hatsinsa, don haka da jiragen ƙasa da jiragen ruwa masu tururi suka fara kwararo alkamar Amurka da Kanada, farashi ya karye, har a 1894 bai kai rabin na 1877 ba. Gonakin alkama suka koma ciyawa, 'yan ƙodago suka nufi birane. Masu kiwo ma ba su tsira ba, domin a 1882 jirgin ruwan Dunedin, ɗauke da injin sanyi na Bell da Coleman, ya kawo naman tumaki kusan 5,000 daga Niyu Zilan zuwa Landan bayan tafiyar kwana 98, naman bai lalace ba. Talakan birni ya samu burodi da nama da arha, wannan alheri ne da ba a musun sa, amma wanda ya biya kuɗin alherin shi ne ƙaramin manomin da ke haya a gonar wani.

Akwai mutum ɗaya da nake so ki ambata wa ɗalibanki. Stephen Babcock na Jami'ar Wisconsin ya ƙago hanya mai sauƙi ta auna yawan mai a cikin madara a 1890, abin da ya toshe ƙofar masu surka madara da ruwa, ya kuma sa aka fara biyan makiyayi gwargwadon ingancin abin da ya kawo. Ya ƙi yin rajistarta da gangan domin kowa ya yi amfani da ita kyauta, kuma ta bazu cikin sauri har ƙasashen waje.

Tambaya daga wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kano: Duk wannan labarin Turawa ne. Ya taɓa mu kuwa?

Amsa: Baba, ya taɓa mu, ko da yake ba mu aka tuntuɓa ba. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya yi rajistar tayar keke mai iska. Bayan shekara biyu aka gano cewa Robert Thomson ya riga shi tun 1845, takardar ta faɗi, amma kasuwar taya ta riga ta buɗe, kuma neman roba ya zama sanadin azabar da aka gana wa mutanen Kwango a ƙarƙashin Sarki Leopold na Beljiyam.

Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne sha'anin mai. Wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ya yi rajistar man shafa wa burodi na madadin man shanu a 1869, kamfanonin Holan suka ɗauka suka bunƙasa, amma da kitsen dabbobi ake yin sa. A 1902, shekara guda bayan rasuwar Biktoriya, Bajamushe Wilhelm Normann ya yi rajistar hanyar daskarar da man da aka tatso daga tsirrai ya zama kamar kitse, ya sake yin ta a Birtaniya a 1903. Daga nan masana'antun Turai suka shiga neman 'ya'yan tsirrai masu mai ko ta ina. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, Turawan mulki auduga suka sa rai za a riƙa lodawa domin masaƙun Lancashire a Ingila. Manoman Kano da dillalansu suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi riba, ba ta cin ƙasa kamar auduga, kuma idan kasuwa ta ƙi ana iya ci. A kakar farko gyaɗar da aka kawo ta fi ƙarfin taragon da ke akwai, buhuna suka yi ta taruwa a bakin tasha suna jiran jirgi.