Kalmar da aka koya Litinin, me ya sa take ɓacewa kafin Juma'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina koyar da 'yan ajin CE2, wato aji huɗu na firamare. Duk Litinin nakan rubuta musu kalmomin Faransanci ashirin a allo, su kwafa sau biyar-biyar, amma kafin Juma'a sun bi iska. A gida Hausa suke yi, a kasuwa Fulatanci. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, yaranki ba daƙiƙai ba ne. Yaron da ya shigo aji da harsuna biyu a bakinsa ai ya riga ya nuna kansa na ja. Ashirin ɗin ne suka yi yawa, kwafi kuwa hannu kawai yake gajiyarwa. Ki rage su zuwa bakwai ko takwas.

Babban maganin shi ne waiwaye. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Malamanmu na allo sun daɗe da gane haka, shi ya sa ba sa wasa da tilawa. Kalmar Litinin ki neme ta Talata, ki sake nemanta Alhamis, sannan mako mai zuwa. Minti biyar ya isa: a rufe littafi, ki faɗi ma'anar da Hausa, kowa ya rubuta a ɗan allonsa ya ɗaga sama. Wannan ɗan gumin na tunowa shi ke dasa kalma.

Don Allah kada ki ba su suna tsirara, ba le (alamar namiji) ko la (alamar mace). Nan ne yaranmu suka fi tuntuɓe, domin Hausa ma tana da namiji da mace, sai dai ba kullum suke dacewa da na Faransanci ba. Mu muna cewa rana ta fito, wata ya fito. Bafaranshe kuwa le soleil yake cewa, namiji, la lune kuma mace. Yaron da bai san da wannan saɓani ba, da ma'aunin Hausa zai auna, ya faɗi. Ki nuna musu a fili, za ki ga idanunsu sun buɗe.

Sannan ki riƙa kawo kalma da danginta. Sun san noma da manomi, ɗinki da maɗinki. To haka vendre (sayar) take da vendeur (mai sayarwa, namiji), vendeuse (mai sayarwa, mace) da vente (sayarwa). Ki ajiye albasa uku a kan tebur, yarinya ɗaya ta zama la vendeuse, wani ya zo ya taya, su yi cinikin da Faransanci har a sallama.