Amsa ga Kawu kan kuɗin marasa aiki a Ingila

Assalamu alaikum Kawu. Muna gaisuwa, da fatan an yi kaka lafiya, ya mutanen gida da na Ringim baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma tambayarka ita ce wadda iyaye da yawa suke yi mana: tunda an ce gwamnatin Birtaniya tana biyan wanda ya rasa aiki, me ya hana yaro ya je ya karɓa ya ci gaba da aike gida? Gaskiya ne ana biya. Amma ba kowa ake ba, kuma wanda aka ba ɗin ma da igiya a ƙafarsa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne takardar zama. Yawancin yaranmu da suka shigo a 'yan shekarun nan da bizar karatu suka zo, ko ta aiki, musamman aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, ko ta aure. Duk waɗannan an rubuta musu sharaɗin cewa ba su da rabo a tallafin gwamnati. Wanda ya karɓa da wannan sharaɗi a kansa ya karya dokar zama, kuma ranar da zai sabunta biza ko ya nemi zaman dindindin maganar za ta taso. Mai bizar aiki ma damuwarsa ta wuce ta tallafi: idan aikin ya ƙare, kamfanin da ya tsaya masa zai sanar da hukumar shige da fice, ita kuma takan rage masa zama zuwa kwana 60, ko abin da ya rage a bizar idan bai kai haka ba. A cikin kwanakin nan ne zai samo wani kamfani mai lasisin tsaya wa baƙo, ko ya tattara ya koma. Don haka kafin a yi wa yaro faɗa, a fara tambayarsa wace irin takarda ce a hannunsa.

Wanda yake da zaman dindindin ko ya zama ɗan ƙasa, ƙofa biyu ce a gabansa, duka ta hannun ofishin da ake kira Jobcentre.

Ta ɗaya ana ce mata JSA, wato alawus ɗin mai neman aiki. Kamar adashe take, sai wanda ya zuba yake kwasa. Duk ma'aikacin albashi ana cire masa kuɗin inshorar ƙasa kafin albashi ya shigo hannunsa, kuma za a duba ko ya zuba isasshe a cikakkun shekarun haraji biyu da suka gabata. Idan ya cika, a farashin da aka sa a Afrilun 2025 ana ba ɗan shekara 25 zuwa sama fam 92.05 a mako, ana biya duk mako biyu, na kwana 182 kawai. Ba a duba ajiyarsa ko albashin matarsa. Shi wannan ba a lissafa shi cikin tallafin da aka hana masu biza, sai dai wanda bai daɗe da zuwa ba bai zuba abin da zai kwasa ba. Mai sana'ar kansa, irin direban tasi, galibi zubinsa ba ya buɗe masa wannan ƙofa.

Ta biyu ita ce Universal Credit, kuma ita mutane suke nufi idan suna wannan magana. Ita bukata take dubawa, ba zubi ba. A farashin Afrilun 2025, gwauro ɗan shekara 25 zuwa sama yana samun fam 400.14 a wata, miji da mata tare fam 628.10, sannan a ƙara wani abu na yaran da suke zaune tare da su da kuma na haya. Mun san idan aka juya fam 400 zuwa naira a kasuwar Maigatari zai yi kama da dukiya. A nan kuwa daga ciki za a biya wuta, gas na ɗumama ɗaki a hunturu, ruwa, waya, motar haya da abinci. Kuɗin hayan ma yana da iyaka gwargwadon unguwa, kuma gwauron da bai kai shekara 35 ba kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka ake lissafa masa, cikon daga aljihunsa. Iyalin da suke Najeriya ba a ƙara ko kwabo saboda su.

Ta intanet ake nema. Zai buɗe shafi, ya sa asusun banki, fasfo, yarjejeniyar haya, takardun albashin baya da bayanin duk abin da ya mallaka, ya kammala cikin kwana 28 ko ya sake daga farko. Daga ranar da ya miƙa ake fara lissafi, ba daga ranar da aka sallame shi ba, kuma da wuya a biya na baya. Masu jin kunyar zuwa su yi ta jinkiri asarar kansu suke yi. Kuɗin farko sai bayan kimanin mako biyar. Ana iya karɓar wani abu kafin nan, amma bashi ne da za a riƙa cirewa a hankali har zuwa wata 24. Idan mai aure ne kuma suna zaune tare, dole shi da matar su nema tare, kuma albashinta yana rage abin da za a ba su.

Sai a haɗa shi da jami'in da zai riƙa bibiyarsa, ya sa hannu a alkawarin neman aiki, wanda kan kai awa 35 a mako, yana rubuta inda ya nema da amsar da ya samu. Ya ƙi zuwa ganawa ba da uzuri ba, a yanke kuɗin har sai ya je. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko aka kore shi kan laifi, ana iya hana shi na kwana 91. Idan ya samu ɗan aiki ba a rufe masa gaba ɗaya, amma a kowane fam 100 da ya samu ana rage fam 55, sai dai masu yara da marasa lafiya da ake ɗaga wa ƙafa a wani kaso. Albashi kuwa ba ya ɓoyuwa, domin hukumar haraji tana tura bayaninsa kai tsaye.

Yanzu ga inda ya shafe ku a gida, Kawu, kuma a nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Wanda dukiyarsa ta wuce fam 16,000 ba ya samun Universal Credit. Daga fam 6,000 zuwa 16,000 ana rage fam 4.35 a wata kan kowane fam 250. Dukiya a wurinsu ba kuɗin banki kaɗai ba ne: filin da aka saya masa a Dutse, gidan da ya gina a Kano, kasonsa a gonar gado, duk suna ciki ko da a wata ƙasa suke. Sau da yawa idan aka kimanta su da fam ba sa kai iyakar, don haka faɗar gaskiya ba ta cika cutarwa ba. Ɓoyewar ce take jawo a ce ya maido duk abin da ya karɓa, wani lokaci har da kotu. Idan yaro ya ce a aiko masa da takardar fili ko shaidar rabon gado daga wurin dagaci ko alƙali, a taimaka a aiko, ba wai sayarwa zai yi ba. Haka kuma dabarar nan ta a ce ya turo ajiyarsa gida a saya masa shanu kafin ya nema, ba ta ɓullewa. Suna iya neman bayanan banki na watannin baya, kuma idan suka ga an kawar da kuɗi don a cancanta, sai su lissafa kamar yana hannunsa.

Tafiya ma haka. Mai karɓa yana iya barin ƙasar har wata ɗaya idan ya sanar tun kafin ya tashi, kuma neman aikin bai faɗi a kansa ba. Rasuwar makusanci tana iya sa a ƙara masa wata guda. Ya wuce haka, a rufe, ya dawo ya sake jiran mako biyar. Shi ya sa za ka ga yaro ya zo biki ko ta'aziyya yana ta duba kwanan wata, ba raini ba ne.

Mu a nan, wanda takardarsa ta hana shi tallafi, jama'a ce take ɗaukarsa: a yi karo-karo a masallaci bayan Juma'a, wani ya ba shi ɗaki, masu aiki su yi masa cigiyar gurbi a wurarensu. Wanda aka hana ko aka yanke wa kuɗi kuma muna tura shi ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta. Yana da wata ɗaya daga ranar hukuncin ya nemi a sake dubawa, idan ba a canza ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da take sauraron irin wannan, ita ma ba a biyan ko sisi. Ya riƙe kowace wasiƙa da takardar likita idan rashin lafiya ce ta hana shi zuwa ganawa, domin da su ake cin irin wannan shari'a.