Murhun gas ko na lantarki: wanne ya fi dacewa da girkin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, yarana huɗu, ɗaya daga cikinsu yana fama da asma. Da gas nake girki, amma na ji ana cewa a Amurka har hana shi ake son yi saboda yana cutar da yara. Ga kuma tsada, ga tsoron gobara. Maigida ya ce mu sayi murhun lantarki mu huta. Shin mu bar gas ɗin ne? Wanne ya fi sauƙin kuɗi, wanne kuma ya fi lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaron lafiya. Shawarata a gajarce ita ce kada ki rabu da gas ɗinki tukuna. Ki gyara yadda kike amfani da shi, idan kuma da hali ki ƙara ƙaramin murhun lantarki a gefe. Ga dalilina.

Abin da kika ji game da Amurka yana da tushe. A ƙarshen 2022 aka fitar da wani bincike da ya ƙiyasta cewa kusan kashi 12.7 cikin ɗari na yaran da ke da asma a can ana iya danganta ciwonsu da murhun gas. A watan Janairun 2023 wani kwamishina a hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar, Richard Trumka Jr., ya ce hana murhun yana cikin abubuwan da za a iya dubawa, sai ƙura ta tashi, har shugaban hukumar ya fito ya ce ba su da niyyar hana kowa. Jihar New York ce ta yi doka a shekarar kan daina sa gas a yawancin sababbin gine-gine. Babu wanda aka shiga gidansa aka ɗauke wa murhu.

Amma ki lura da abu ɗaya. Su can suna gwada gas ne da wutar da ba ta ɗaukewa, a cikin gidajen da ake rufewa ruf saboda sanyi. Mu nan, ranar da mace ta ajiye gas ta dogara da lantarki, aka ɗauke wuta tukunya na kan murhu, ina za ta koma? Gawayi, ko itace, ko risho. Hayaƙin waɗannan kuwa shi ne babbar masifar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda galibi daga girki da itace, gawayi da kananzir take fitowa, ta kashe mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma hukumar ta sa gas a cikin jerin makamashi mai tsafta tare da lantarki. Yaro mai asma da ke zaune kusa da kurfoti yana shaƙar abin da ya fi na gas muni nesa ba kusa ba.

Wannan ba ya nufin gas ba shi da laifi. Duk harshen wuta da ke ci a cikin ɗaki yana fitar da iskar da ke fusata huhu, idan kuma wutar ba ta ci da kyau, tana fitar da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari, irin ta janareta. Murhun lantarki ba ya fitar da ko ɗaya. Ta fuskar numfashi kaɗai, lantarki ya fi, babu ja. Abin da za ki yi tun yau shi ne: taga a buɗe duk lokacin da murhu ke kunne, ko da hunturu ne, yaron kuma kada ya zauna a kicin ana girki. Ki dubi launin wutar. Shuɗiya ita ce lafiyayyiya. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe da miya ko maiƙo, a cire a wanke a busar. Kada kuma a yi girki da gas a ɗakin da ake kwana.

Sai maganar kuɗi, inda na fi son ki tsaya ki yi lissafi da maigida, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki. Sai dai kusan rabinsa ne kawai ke shiga tukunya, sauran yana bin gefe ya tafi, shi ya sa kicin ke ɗaukar zafi. Murhun lantarki na zamani da ake kira indokshin yana kai kusan kashi 85 cikin ɗari na wutarsa cikin tukunya, shi kuwa tsohon yayi mai zagayen ƙarfe da ke yin ja, wajen kashi 70. Idan aka daidaita, girkin da kilo ɗaya na gas zai yi miki zai ci yunit 7 zuwa 8 a indokshin, kusan yunit 9 a mai zagayen ƙarfe.

To ki ɗauki kuɗin yunit ɗaya a mitarku ki ninka sau takwas, ki gwada da kuɗin kilo ɗaya a wurin da kike cika tukunyar gas. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin yunit na 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage. A wannan farashin, yunit takwas naira 1,800 ke nan. Muddin kilon gas bai kai haka ba, gas ya fi araha. Wanda kuwa ke biyan misalin naira 60 a yunit, nasa bai kai naira 500 ba, lantarki ya fi masa sauƙi sosai. Matsalar ita ce, inda wutar take da araha ba ta zama, inda take zama kuma tana da tsada. Ki duba takardar katin da kuke saya ki ga rukuninku, sannan ki tambayi kanki da gaske: da ƙarfe biyar na yamma, lokacin ɗora tuwo, sau nawa a mako ake samun wuta a layinku?

Akwai kuma abin da masu sayar da indokshin ba sa faɗa. Ba ya aiki da kowace tukunya. Da maganaɗisu yake ɗumama gindin tukunya, don haka sai ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Tukwanen dalma da maƙeranmu ke zubawa, waɗanda kusan kowace amarya ke da jerinsu, ko kin ɗora ba zai ma san da su ba, sai ya yi ta ƙara ya kashe kansa. Kafin ki sayi tukunya saboda shi, ki tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu ki manna a gindinta. Sannan samansa gilashi ne. Tuƙa tuwon mutum shida da muciya, tukunya na motsi kina danna ta, ba aikin da aka ƙera shi dominsa ba ne. Ya fi dacewa da miya, shinkafa, taliya, ruwan shayi da ɗumame.

Wayar gida ma abin dubawa ce. Irin wannan murhun yana jan wajen wat 2,000. Soket ɗin bango mai kauri yake so, nasa shi kaɗai. Na ga gidajen da aka jona shi a siririyar wayar ƙari tare da firji, robar ta narke ta manne da tabarma. Gobarar lantarki ba ta fi ta gas sauƙi ba. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, sola kuma sai mai babbar inbata da batura masu ƙarfi. A nan zan ɗan yi tsokaci ga waɗanda ba su da mita, masu kunna mai zagayen ƙarfe tun safe har dare don ai kuɗin wata ɗaya ne: wannan nauyin yana cikin abin da ke ƙona taransifomar unguwa, kowa ya kwana a duhu.

Tsoron gobarar gas da kika ambata yana kan hanya, kuma yawancinsa ana iya maganinsa da kuɗi kaɗan. Gas ya fi iska nauyi, idan yana yoyo ƙasa yake kwantawa ya taru. Ki kaɗa kumfar sabulu ki shafa a bakin tukunyar gas ɗin, da kan da ke daidaita fitarsa, da duk tsawon tiyo. Inda kumfa ta riƙa kumbura, nan yake fita. Kada a taɓa gwadawa da ashana. Tiyon da ya tsage ko ya bushe a sauya shi, a ɗaure bakinsa da maɗaurin ƙarfe, ba da tsumma ko robar taya ba. Tukunyar gas tana da wa'adi, a ƙa'idar hukumar SON mai kula da ingancin kaya shekara 15 ne, kuma ana buga shekarar ƙira a jikin marikinta. Wadda ta yi tsatsa a gindi a rabu da ita. Idan da hali a ajiye ta a waje cikin inuwa, a tsaye, tiyo ya shigo ta bango. Ranar da kika shiga kicin kika ji wari, kada ki taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa. Ki rufe kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara.

Idan maigida ya riga ya ware kuɗin, ni da zan zaɓa muku, tukunyar lantarki mai dafawa da matsin tururi zan fara saya kafin indokshin. Wutar da take ja wajen wat 1,000 ce, kuma da zarar ta ɗauki zafi sai ta riƙa kashe kanta tana kunnawa kaɗan-kaɗan. Wake, ganda, ƙafar saniya da naman kai, waɗanda su ne ke shanye miki gas, za ta dafa su cikin ƙasa da awa ɗaya da abin da bai kai yunit ɗaya ba. Duk sanda aka kawo wuta ki ɗora su a ciki, gas kuma ki bar shi ga tuwo, suya da lokacin da babu wuta. Kwanakin da tukunyar gas ɗinki mai kilo 12.5 ke yi za su ƙaru, awannin da wuta ke ci a kicin kusa da yaron kuma su ragu.

Game da asmar tasa, ki faɗa wa likitansa irin murhun da kike amfani da shi da inda kike girki, ki kuma lura ko tarin yana tashi ne a lokacin girki ko bayan an kunna turaren wuta ko maganin sauro, domin su ma hayaƙi ne.