Sun cinye difozit ɗinki, har suna cewa suna bin ki bashi

Wa'alaikumus salam, Maman Hanifa. Na karanta abin da kika rubuto. Kin yi shekara uku a ɗaya daga cikin manyan gidajen hayar nan na Houston, kin tashi, difozit ɗinki, wato kuɗin ajiyar da kika ba su lokacin kama hayar, dala 1,200 ne, sai ga takarda sun cire 1,100 na kafet, 400 na fenti, 150 na shara, wai yanzu su ke bin ki 450. Kina tambaya ko ki biya ki huta. Ƙanwata, kada ki biya tukuna, kuma kada ki sake komawa ofishinsu ki tsaya cacar baki. Yarinyar da ke zaune a teburin nan ba ita ta yanke kuɗin ba, ba ta kuma da ikon mayar miki da sisi. Irin wannan kamfanin takarda kaɗai yake ji.

Dokar Texas a nan tana bayanki fiye da yadda kike zato. Babi na 92 na dokar kadarori ya ba mai gida kwana 30 daga ranar da kika miƙa makulli, ko dai ya dawo da kuɗin ko ya aiko da jerin abin da ya cire ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin shi ne kin ba su sabon adireshinki a rubuce. In da baki kawai kika faɗa, yau ɗin nan ki tura musu. Sannan sashe na 92.104 ya hana su cire kuɗi saboda tsufan da kaya ke yi don an zauna a gida yadda aka saba zama. Kafet ya kwanta a hanyar da ƙafa ke bi, fenti ya dusashe, wannan ba ɓarna ba ce, kuɗin hayar da kika riƙa biya duk wata ya riga ya ɗauke shi. Abin da ya fi daɗi kuma, in aka je gaban alƙali, su ne za su kawo hujjar cewa cirewar ta dace. Ba ke za ki tabbatar da cewa ba ki ɓata ba.

Kafet ɗin nan shi ne inda suka fi cin mutane, don haka bari in tsaya a kansa. Sun caje ki kuɗin sabo, alhali ba sabo kika bari ba. Kafet ɗin gidan haya mai arha ne, kamfanoni da yawa ma shekara biyar suke ƙiyasta masa a lissafinsu. Ba doka ce ta yanke biyar ɗin ba, amma da ita ake ciniki. A ce sabo fil aka shimfiɗa ranar da kika shiga, kin ci uku cikin biyar, saura biyu, wato 440 ke nan daga 1,100, shi ma sai in da gaske kin lalata shi. In kuwa ya riga ya yi shekara biyu kafin ki shigo, to ya gama aikinsa, da ma canza shi za su yi ko wa ya tashi. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace ƙarfi ita ce, yaushe aka shimfiɗa shi, ina rasit? Ni da wannan tambayar kaɗai na karɓo mafi yawan kuɗina daga wani kamfani mai gidaje ɗaruruwa. Rasit bai taɓa zuwa ba, cak ne ya zo.

Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Turaren wuta yana barin baƙi a silin, garwashi in ya faɗo daga kasko yana huda kafet, manja in ya zuba ba ya fita, yara kuma sukan mai da bango allo. Waɗannan ɓarna ce, ba tsufa ba. In akwai irinsu, ki amince da kuɗin wannan wurin kawai, ki ƙi sauran. Wasiƙar da ta ce na yarda da kaza, ban yarda da kaza ba, ta fi wadda ta musanta komai nauyi a idon alƙali.

Ki haɗa takardar duba gida da kika cike lokacin shiga, hotuna ko bidiyon ranar fita, da yarjejeniyar haya. Ki karanta inda ta yi maganar shara, don wasu sukan sa sharaɗin wanke kafet. Sai ki rubuta wasiƙa shafi ɗaya, ba zagi, ba labarin wahalar da kika sha. Ki ce kina jayayya da cirewar, ki nemi rasit na kowane aiki da ranar da aka sa kafet da ranar fentin ƙarshe, ki faɗi adadin da kike so a dawo miki, ki ba su kwana goma. Ki ambaci sashe na 92.109, wanda ya ce mai gidan da ya riƙe difozit da mugun nufi zai biya dala 100, da ninki uku na abin da ya riƙe ba bisa haƙƙi ba, da kuɗin lauya. Kada dai ki sa ninki ukun a aljihu tun yanzu. Idan sun wuce kwana 30 ba su aiko da komai ba, doka da kanta take ɗaukarsu masu mugun nufi. Idan sun aiko a kan lokaci, sai alƙali ya gamsu tukuna. Ki tura ta wasiƙar rajista mai dawo da sa hannu, kwafi ɗaya ga ofishin gidan, ɗaya ga babban ofishin kamfanin, ki ƙara da imel.

Batun 450 ɗin, kada ki yi shiru a kansa. Sukan miƙa irin wannan ga kamfanin karɓar bashi, ya hau kiredit ɗinki, wato tarihin biyan bashinki da masu gidajen haya ke dubawa, ranar da kika je neman wani gidan a ce miki a'a. In takardar masu karɓar bashi ta zo, dokar tarayya ta ba ki kwana 30 ki musanta a rubuce, kuma dole su dakata har sai sun kawo shaidar bashin.

In wa'adin ya cika ba amsa, sai ƙaramar kotun yanki, wadda ake kira kotun JP. Tana sauraron ƙara har ta dala 20,000, ba sai da lauya ba, ba kuma sai ɗan ƙasa ba. Gundumar Harris, inda mafi yawan Houston take, tana da irinsu 16, ki nemi ta yankin da gidan yake. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne sunan wanda za a kai ƙara. Sunan da ke jikin allon ƙofar gida sau da yawa ba shi ne mai gidan ba, wani ƙaramin kamfani ne da aka yi wa rajista don wannan ginin kaɗai. Ki duba shafin farko na yarjejeniyar haya inda aka rubuta mai gida, ki gwada shi da abin da ke shafin intanet na HCAD, hukumar da ke ƙiyasta kadarori don haraji a gundumar Harris, sannan ki nemo wakilin da kamfanin ya yi wa rajista don karɓar sammaci. Ki ɗauki hoton takardar cirewar, ki rufe sunanki da adireshi, ki turo min da ranar da kika miƙa makulli, mu ƙirga kwanakin tare kafin ki rubuta wasiƙar.